Jegon Ɗan Kyanwa a Dapango

A ƙarƙashin wani kwalbati na tsince shi, a gefen babban titin nan da ya taso daga Lome ya miƙe har Sinkase a kan iyakar Burkina Faso, daidai inda mai babur ya tsaya da ni don a ƙara wa tayarsa iska a garin Tanjuware, wanda allon bakin hanya ke rubutawa Tandjouaré. Lokacin hunturu ne, la'asar sakaliya, ƙura ta rufe sama har rana ta koma kamar farantin tangaran. Kukan na fara ji, siriri, mai yankewa, har na ɗauka tsuntsu ne. Da na durƙusa na leƙa sai ga wani abu kamar dunƙulen auduga da aka birkiɗa cikin toka, ido ɗaya a manne da kwantsa, ɗayan kuma shuɗi, yana kallona. Na tambayi mai facin ko ya san uwarsa. Ya ce kwana biyu ke nan da mota ta take wata kyanwa a wurin, 'ya'yan kuwa uku ne, biyu sun daina kuka tun jiya.

Ba neman kyanwa ya kai ni can ba. Hutun jami'a na samu, na tafi arewacin Togo ina naɗar hirar dattawan zango, ranar kuwa na ba kaina hutu na je ganin kogwannin dutse na Nok. Kada ɗalibi ya rikita wannan Nok da tamu ta Kaduna mai gumakan yumɓu. Suna ne kawai ya zo ɗaya. A can, a jikin wani tsauni mai tsayi, mutanen Moba suka gina rumbuna na laka sama da ɗari tsakanin ƙarni na 17 da na 19, suna ɓoye hatsinsu da iyalinsu a duk lokacin da mahara Cakosawa suka taso daga Mango. Da tsanin ƙarfe ake sauka wurin yanzu. Na yini ina kallon yadda mutum ke wahala don ya tsare abincinsa, ga shi da yamma na ɗauko abin da zai iya tozarta masu tsaron abincin gidan da nake kwana. Na san haka tun ina sanya shi cikin kwalin sabulu. A shingen sojoji da ke kan hanyar Dapango, gama yankin yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022, wani saurayin soja ya ce in buɗe kwalin. Ya leƙa, ya yi murmushi, ya ɗaga mana hannu.

A gidan Gwaggo nake sauka in na je Dapango. Ƙanwar mahaifina ce, aure ya ɗauke ta daga Sokode tun kafin in yi wayo, sana'arta kuwa hatsi: masara, dawa, gero, wake, da gyaɗa in kaka ta yi kyau. Ɗakuna biyu na gidan cike suke da buhuna har rufi. Masu gadin wannan dukiya kyanwoyi uku ne. Akwai Tsohuwa, wadda haƙoranta suka fara zuba amma ko gafiya tana shakkarta. Akwai 'yarta, baƙa wuluk, wadda a lokacin tana da ciki. Sai wani muzuru mai yagaggen kunne da ke zuwa ya tafi yadda ya ga dama. Babu wadda aka taɓa yi wa allura a cikinsu. Gwaggo ba ta shafa su, ba ta ɗaukar su a cinya, amma ba ta cin tuwon dare sai ta ɗiba musu. Ta taɓa ce mini shekarar da ba ta da kyanwa, abin da ɓera ya ci da wanda ya ɓata da fitsari ya isa sadakin budurwa.

Da na shiga da kwalin, jikokinta suka yanyame ni. Gwaggo ta leƙa ta ce, “Allah sarki, maraya. Ajiye shi kusa da Baƙar, tana gab da haihuwa, za ta haɗa da nata.” Abin da kowace uwa za ta faɗa ke nan, a fuskar tausayi kuma babu aibu a cikinsa. Ni kuwa na rungume kwalin na wuce can ƙuryar gida, inda akwai wani ɗakin tarkace mai daɓen siminti da taga ɗaya mai waya. Na fitar da tsofaffin tukwane da karyayyen keke, na share, na shimfiɗa tsumma, na cika kwalba da ruwan ɗumi na naɗe ta na ajiye masa, na jawo ƙofa na sa sakata. Gidan ya yi tsit. Na ji Gwaggo tana ce wa 'yarta, da muryar da aka yi don in ji, “Boko dai bai bar kowa ba. Yau kuma kyanwa ake yi wa kurkuku.”

Washegari na kai shi wurin wani likitan dabbobi a cikin gari, mutum mai haƙuri wanda aikinsa ya fi yawa a kan shanu da awaki da zabi. Ya ɗora shi a sikeli, giram 400 da 'yan kai. Ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya dubi shuɗin idon, ya ce bai wuce mako biyar ba, domin launin idon kyanwa ba ya sauyawa sai wajen mako shida zuwa bakwai. Ya ɗaga wutsiyar ya ce namiji ne. Wannan ya warware mini wata ƙaramar matsala ta nahawu da na kwana da ita: kalmar kyanwa tamace ce ko da dabbar namiji ce, haka mage ta Kanawa da mussa ta Sakkwatawa, sai in ya girma a ce muzuru. Yaran gidan ba su da wannan damuwa. Kamar yawancin masu Hausar zango a Gana da Togo, “ya” ta ishe su ga kowa, mace ko namiji, mutum ko dabba.

Likitan ya yaba da abin da na yi, ya ce aƙalla mako biyu, kada ya haɗu da na gida, kada su ci a kwano ɗaya, kada su yi bayan gida a wuri ɗaya. Babban abin tsoron, in ji shi, wata cuta ce da likitoci ke kira fanlukofeniya, wato ƙarewar fararen ƙwayoyin jini. Ƙwayar da ke kawo ta 'yar'uwa ce ga wadda ta ɓulla a cikin karnuka a 1978 ta bazu duniya. Tana afka wa hanji da ɓargo, inda jiki ke saurin sabunta kansa, sai dabbar ta kama amai da zawo, garkuwar jikinta ta rushe, ta bushe cikin kwana biyu ko uku. A cikin ƙananan kyanwoyi, waɗanda ke mutuwa kan kai tara cikin goma. In mai ciki ta kamu, ko cikin ya zube ko ta haifi 'ya'ya masu tangaɗi, domin cutar tana taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai daidaita tafiya. Daga kamuwa zuwa bayyanar alama yawanci bai kai mako guda ba, amma yakan kai kwana 14, shi ya sa aka yanke mako biyu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne naci irin na ƙwayar: tana iya shekara guda a daɓe ko a tsumma tana jiran wanda za ta kama, sabulu ba ya kashe ta, barasar goge rauni ma haka. Mutum kan ɗauko ta a tafin takalmi ko a hannu ya kai wa kyanwar da ba ta taɓa ganin marar lafiyar ba.

Sai ya ƙara wata magana, a kan hanya kawai, yana wanke hannu. Ya ce alamar da ba ya mantawa ita ce ka ga kyanwa ta durƙusa a gaban kwanon ruwa, kanta a sunkuye a kansa, tana son sha, ta kasa. Na ce masa na taɓa gani. Ban ƙara komai ba.

Na koma gida da maganin tsutsar ciki, tun da yawancin 'ya'yan kyanwa suna samun tsutsa ta nonon uwa, da man shafawa a ido, da jerin abubuwan da aka hana ni. Kada in ba shi madarar shanu, zawo take sa su. Kada albasa ko tafarnuwa su shiga abincinsa. Kada in ba shi farasitamol ko da ɓalli ne, domin hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na kashe babba. Wannan na ƙarshe da na ƙuma sun yi amfani tun kafin rana ta faɗi, gama wani maƙwabci da ya ji labari ya aiko da ragowar maganin feshin auduga a kwalba, ya ce ɗigo biyu a bayan wuya, babu ƙumar da za ta kwana. Gaskiya ya faɗa, sai dai mai ƙumar ma ba zai kwana ba. Irin waɗannan magunguna suna sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya. Na yi godiya, na zauna da mataji mai ƙananan haƙora da kwanon ruwan sabulu, na tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan rayuwata ta koma ta mai jinya. Na ajiye silifas guda a bakin ƙofar ɗakin, da wata tsohuwar riga a ƙusa, ba na shiga sai da su, ba sa kuma fitowa. Kasko na cika da rairayi ya zama masa makewayi, kullum in kwashe in haƙa rami a bayan gida in binne. Daɓen nakan wanke da sabulu tukuna, sannan in bi da ruwan jabel, wanda a Nijeriya muke cewa bilic, murfi ɗaya a cikin murfi 32 na ruwa, in bar shi minti goma kafin in ɗauraye. Abincinsa dafaffen kifi ne da aka zare wa ƙaya, a dame da ruwan ɗumi, wani lokaci da ƙwai, sau biyar a yini. Na sayi ƙaramin sikelin kicin a kasuwa, kowace safiya in auna shi in rubuta a bayan littafin da nake rubuta kalmomin dattawa. Lafiyayyen ɗan kyanwa kan ƙara giram goma zuwa goma sha biyar a rana. Har yau in na buɗe littafin ina ganin lambobin nan a jere, kusa da sunayen irin goro da wani tsoho ya lissafa mini.

Kwana na huɗu ya fara atishawa, majina ta toshe hancinsa, ya ƙi cin abinci, domin kyanwa da hanci take ci. Abin da ba ta ji ƙanshinsa ba, ba abinci ba ne a wurinta. Murar kyanwa ce, wadda ba ta kama mutum amma tana bin kyanwoyi kamar wutar daji, kuma yawancin waɗanda suka warke suna ɗauke da ƙwayarta har mutuwa, ta kwanta ta tashi in sun wahala. Na riƙa ɗumama kifin don ƙanshin ya tashi, ina goge masa hanci da auduga, ina ajiye kwanon ruwan zafi kusa da kwalinsa don tururi. Da dare kuwa kuka. Wanda bai taɓa jin kukan ɗan kyanwa shi kaɗai a ɗaki mai duhu ba, ba zai gane abin da ya sa gidan ya juya mini baya ba. Baƙar takan zo ta zauna a bakin ƙofa tana amsa masa. Yara suka daina yi mini sannu da zuwa.

A dare na shida Gwaggo ta aiko a kira ni. Tana zaune a tabarma, carbi a hannu, ta ce, “Zauna, ɗan nan. Kai ne malami, amma ni ma na ji karatu. Ba ka ji labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle ba? A gidana za ka kulle rai yana kuka dare da rana?” Na ce, “Gwaggo, ki yi haƙuri. Waccan matar yunwa ta bar ta da ita har ta mutu. Wannan sau biyar yake ci. Ban kulle shi ba, killace shi na yi.” Ta ce, “Kulle, killace, duk sakata ɗaya ce.”

A nan na so in yi mata lacca, Allah ya taimake ni ban yi ba, amma ku zan yi muku kaɗan. Kulle aikin ƙofa ne da makulli, abin da ake nufi da shi hana fita, shi ya sa muka ce matar kulle, muka kuma ce dokar kulle a 2020. Tsare na da hannun hukuma a ciki. Ware cire abu ne daga cikin 'yan'uwansa, keɓe kuma ba shi wurinsa shi kaɗai. Killace kuwa daga gona da gida ta fito: a kewaye wuri da danga ko zana don kada abin waje ya shiga, kada na ciki ya ɓata. Daga baya aka ɗauko ta aka ɗora mata nauyin asibiti, korona ta zo ta ƙara kafa ta, har tsohuwar da ba ta taɓa zuwa makaranta ba ta san a killace mutum. A ganina an yi zaɓi mai kyau, domin danga fuska biyu gare ta. Ɗan kyanwan nan, da hancinsa a toshe da jikinsa duk ƙashi, shi ma yana bukatar a kare shi daga muzurun da ke yawon unguwa yana faɗa. Akwai cututtuka biyu masu karya garkuwar kyanwa, ɗaya an gano ta a Sikotilan a 1964, ɗaya a Kalifoniya a 1986; ta farko ta yawu da lasar juna da kwano ɗaya take bi, ta biyu ta cizo, muzurai masu yagaggen kunne kuwa su ne manyan dillalanta.

Amma ba wannan na faɗa wa Gwaggo ba. Abin da na faɗa mata ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ban shirya faɗarsa a daren ba.

Ina ɗan shekara tara, a zangon Sokode, na tsinci ɗan kyanwa a bayan tashar mota. Na san Inna ba za ta yarda ba, tun da muna da biyar, sai na ɓoye shi a ɗakin masara, ina satar masa kifi daga miya, yana ci a kaskon da na gida ke ci. Kwana uku ya yi ya kama amai. Da safe na same shi a sandare, na kai shi bayan katanga na binne, ban gaya wa kowa ba. Kafin mako ya zagayo kyanwoyin Inna suka fara faɗuwa. Na ga babbar, wadda aka haife ni aka tarar, a durƙushe gaban kwanon ruwa, kanta a sunkuye, tun hantsi har azahar. Cikin kwana takwas babu ko ɗaya. Inna ta ce guba aka sa musu, ta kuma san wadda ta sa: maƙwabciyarmu, wadda suka yi cacar baki da ita a kan kaza watan da ya gabata. Matar ta rantse, ta yi kuka, ta aiko da dattawa. Inna ba ta saurara ba. Shekara goma sha ɗaya ba su gaisa ba, katanga ɗaya tsakaninsu, ba a zuwa sunan juna, 'ya'yanta da muke wasa tare aka raba mu. Ni kuwa ina nan, ina cin tuwo, ina jin ana tsine wa matar. Da farko tsoron bulala ya hana ni magana. Daga baya ban san cewa abin da na yi shi ne sanadi ba, zato kawai nake yi, ina kore shi. Sai ranar da likitan nan ya yi maganar kwanon ruwa yana wanke hannu.

Gwaggo ta daɗe ba ta ce komai ba. Carbin ma ya tsaya. Sannan ta ce, “Ni na yi mata rakiya ranar da aka kawo ta gidan miji. Har ta rasu tana cewa ba ita ba ce.” Inna ma ta rasu shekara shida ke nan. Babu wanda zan je in ba haƙuri. Gwaggo ta miƙe, ta naɗe tabarmarta, a bakin ƙofa ta juyo ta ce, “Kwana nawa likitan ya ce?” Na ce sha huɗu. Ta ce, “To.”

Da an bi lissafin likita, da labarin ya ƙare a nan kusa. Amma a kwana na tara, ina can zango ina naɗar hira, ƙaramin jikan Gwaggo, ɗan shekara biyar, ya tura kujera ya zare sakata. So yake ya ba shi ƙosai. Ɗan kyanwan, da ya fara samun ƙarfi, ya kama yatsansa da haƙora har jini ya fito. Cizon bai fi tsinin allura ba, a gidan kuma babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai, sai ni da na dawo na ji cikina ya ɗuri ruwa. Sunan da muka ba cutar, haukan kare, yana yaudararmu, domin kyanwa ma tana ɗauka tana kuma bayarwa, wannan kuwa daga bakin titi ya fito, ba wanda ya san abin da ya taɓa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, yara kuma suna da yawa a ciki. In alamarta ta bayyana, magani ya ƙare. Na zaunar da yaron a bakin famfo na wanke yatsan da sabulu minti 15 cur, ina duba agogo, yana ihu yana kiran kakarsa, “Kawu zai cire mini hannu!” Daga nan muka tafi asibiti aka fara yi masa allurar rigakafi. Kuɗin ya ci rabin guzurina.

Sai ga killacewar ta sami aiki na biyu. Ƙa'idar ita ce a sa ido a kan kare ko kyanwar da ta yi cizo har kwana goma. In ta kai lafiya lau, to ba ta da ƙwayar a yawunta a ranar da ta yi cizon. Da yana yawo a tsakar gida, ko ya bi muzuru ya ɓace, da babu abin da za a duba. Gwaggo da kanta ta ɗauko kwaɗo ta sa a ƙofar, ta ɗaure makullin a bakin zanenta. Kowace safiya kafin ta fita rumfa sai ta tsaya a taga ta leƙa ta waya, ta ce, “Yana nan?” In ce yana nan, ya ci, ya ƙara giram goma sha biyu. A kwana na goma sha tara ya cika goman, yana bin igiyar silifas ɗina yana tsalle. Ban ɗauki wannan a matsayin wanke shi gaba ɗaya ba, tun da ƙwayar kan yi watanni a ɓoye kafin ta kai yawu. Allurarta ba a yi wa ɗan kyanwa sai ya kai mako 12. Manyan ukun dai na sa aka zo har gida aka yi musu, aikin da ya ci mutum uku da buhu ɗaya kafin a kama muzurun.

Tsakanin nan kuma wani abin ya ɓullo. Na lura gashin gefen kunnensa ya zube, ya bar da'ira mai garje kamar kwabo, bayan kwanaki sai ga irinta a wuyan hannuna tana ƙaiƙayi. Makero ne. Turawa suna kiran sa da sunan tsutsa, alhali babu tsutsa a ciki, gyambon naman gwari ne da ke cin gashi da fata, yana kuma tsallakawa daga kyanwa zuwa mutum, musamman kan yara. Likitan ya ba mu magani, nawa da nasa, ya ce a ƙara wata guda aƙalla, a riƙa wanke tsummokaransa da jabel. Na ƙirga kwanakin hutuna, ba za su kai ba.

Gwaggo ce ta ƙirga nata. Ta ce, “Goma da talatin, arba'in ke nan. Ashe jego ake yi masa. Da ka faɗa haka tun farko, da wa zai yi maka gardama?” Na yi dariya har na ƙware, domin ba ta san ta taka tarihi ba. Kalmar da Turawa ke kiran killacewa da ita daga “arba'in” ta Italiyanci ta samo asali. Birnin Ragusa, wanda yanzu ake kira Dubrobnik, ya kafa doka a 1377 cewa masu zuwa daga ƙasar annoba su zauna a keɓe kwana talatin kafin su shiga gari, daga baya Benis da wasu birane suka mayar da shi arba'in. Mu ma mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, jaririn ba ya yawon hannu a kasuwa. Kwana shida na yi ina neman kalmar da za ta shiga kunnen Gwaggo, ina tsince-tsince a ƙamus, ga ta nan a ɗakin kowace mace.

Na bar Dapango a kwana na ashirin da huɗu, da asuba, a motar da ke bi ta Mango da Kara ta sauke ni a Sokode. Kafin in tafi na nuna wa babbar jikar Gwaggo, mai shekara goma sha huɗu, yadda ake auna jabel, da silifas, da rigar ƙusa, na bar mata sikelin. Na kuma nuna mata abin da za a yi in lokaci ya yi, gama buɗe ƙofa farat ɗaya faɗa yake jawowa: a shafa tsumma a kumatunsa a ajiye inda manyan ke kwana, a shafa nasu a kai masa, a riƙa ba su abinci a ɓangarori biyu na ƙofa ɗaya tana rufe, sannan a buɗe kaɗan a tokare da dutse su ga juna. A Sokode na kwana biyu. Na bi ta unguwarmu. Katangar tana nan, an ɗaga ta da bulo biyu, mutanen da ke gidajen biyu ban san ko ɗaya ba. Na tsaya kaɗan, wani yaro ya tambaye ni wa nake nema, na ce hanya na ɓata.

Saƙon murya ya zo mini ta WhatsApp ina ofis, ina duba takardun jarrabawa. Yarinyar ce, tana haki don murna. Ta ce likita ya zo ya duba, gashin kunnen ya fito, an yi masa allurar farko da aka aiko daga Lome a cikin ƙanƙara, Kaka ta buɗe kwaɗon da hannunta bayan sallar asuba, ta kuma sa an soya ƙosai an raba wa yaran unguwa. Baƙar ta haifi huɗu, duk suna tafiya daidai, amma an mayar da su ɗakin gero don kada ya shafa musu mura. Muzuru ya shinshine shi ya wuce. Tsohuwa kuwa ta yi masa huci, ta mare shi sau biyu, ta hau buhu ta juya masa baya. Can ƙasa-ƙasa na ji muryar Gwaggo tana cewa, “Gaya masa giram ɗari tara da hamsin. Ki kuma tambaye shi, sikelin nan nasa ne ko ya bar mana?”